Yadda ake juya ruwa a kewayayyen tankin kifi har ya riƙa share kansa

Tankin tamfol kewayayye ya yawaita a hannun masu kiwon tarwaɗa, a bayan gida, a fegin da ba a gina ba, har a gidan haya, domin ana kafa shi a yini guda, ranar tashi kuma a naɗe shi a tafi. Abin da ke damuna shi ne yadda akasarin mutane ke aiki da shi. Sai a jefa tiyo ta sama ruwa ya zuba inda ya ga dama, a huda mafita a jikin bango, bayan kwana biyu a zubar da ruwan kaf a shiga da tsintsiya ana korar kifi gefe. Mai yin haka ya biya kuɗin kewayayyen tanki, amma bai ci moriyar siffarsa ba. Amfanin da'ira shi ne ruwa ya riƙa juyawa ta gefe guda, a natse, yana tattaro kashin kifi da ragowar abinci yana kai su tsakiya, inda mafita ke jiran su.

Kowa ya taɓa ganin wannan a kofin shayi. Ka juya da cokali ka cire, ganyen ba bango yake nufa ba, a tsakiyar gindin kofin yake taruwa. Ruwan da ke juyawa yana tura kansa bango, sai ya ɗan yi tudu a can. Shi kuwa ruwan da ke shafar ƙasa, gogayya ta rage masa gudu, ba shi da ƙarfin tsayawa a gefe, sai nauyin wancan tudun ya turo shi ciki, ya biyo ƙasa zuwa tsakiya tare da duk abin da ya kwanta. Albert Einstein ya yi bayanin haka a 1926, kuma da wannan ɗabi'a ta ruwa manyan gonakin kifi suka dogara wajen tsabtace tankunansu. Duk abin da zan faɗa a ƙasa don a samu wannan gudu na ƙasa ne, kuma a kiyaye shi kada ya karye.

Ka fara da sanin lita nawa ke hannunka

Auna faɗin tankin daga baki zuwa baki ta tsakiya, ka raba biyu. Ka ninka abin da ka samu da kansa, ka ninka da 3.14, ka ninka da zurfin ruwa, sannan da 1,000. Zurfin ruwan nake nufi, ba tsayin tamfol ba. Tanki mai faɗin mita 3 da ruwan mita 1 zai ba ka 1.5 × 1.5 × 3.14 × 1 × 1,000, wato lita 7,000 da 'yan kai. Mai faɗin mita 2 da ruwan santimita 90 kuma kimanin lita 2,800 ne. Tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce, na farkon nan tan 7 ne zaune wuri guda, don haka ba a kafa shi a kan murfin masai ko rufin bene.

Faɗi ya kai aƙalla ninki 3 na zurfin ruwa. Tankin da ya cika zurfi kuma ya matse, samansa ke juyawa, ƙasansa na kwance.

Ƙasa da mafita, tun kafin a shimfiɗa tamfol

Nan ne aikin yake, domin abin da ka ɓata a nan ba ya gyaruwa sai ka kwashe kifi. Ka tsince duwatsu da ƙusoshi da saiwoyi, ka zuba yashi mai laushi, ka daddaɓe. Bakin da'irar, inda ƙarfen tankin zai zauna, dole ya zama daidai ko'ina. Tiyon nan mai haske da magina ke cika wa ruwa su gwada daidaiton gini ya ishe ka. Daga bakin kuma sai ƙasa ta gangara a hankali zuwa tsakiya, tsakiyar ta fi gefe zurfi da santimita 5 zuwa 10 a tankin mita 3. Gangaren ba shi ke share datti ba, juyawar ruwa ke yin wannan, amma shi zai sa ruwa ya tsiyaye tas ranar kamun kifi.

Ka haƙa rami daga tsakiya zuwa waje ka binne bututun mafita. A tankin mita 3 ina ganin inci 3 ne mafi ƙaranci. Mai inci 2 yana da araha, amma kashin manyan tarwaɗa da majinar jikinsu suna toshe shi. Ka rage yawan elbo, wato mahaɗin kwana, iyakar iyawa, kowace kwana maɓoyar datti ce, kuma bututun ya ɗan sunkuya zuwa waje.

Wajen huda tamfol, ka yi amfani da mahaɗin tanki mai zare, mai roba ciki da waje, ramin da za ka yanka ya ɗan gaza bakin mahaɗin don ya kama tsam. Ka lura da abu guda da ake yawan rainawa: bakin mafita ya kwanta daidai da ƙasan tanki. In ya taso ko da santimita 2 ne, datti zai zo ya yi masa zobe ya tsaya, ba zai shiga ba. Ka rufe bakin da raga ko murfi mai huji, hujin ya gaza kan kifinka mafi ƙanƙanta, ya kuma wadaci kashi ya wuce. Kifi na girma kana sauya ragar da mai manyan ido.

Da ka shimfiɗa tamfol, ka zuba ruwa iya idon sawu tukuna, ka shiga ba takalmi ka miƙar da lanƙwasa daga tsakiya zuwa gefe. Duk lanƙwasar da ka bari za ta tare datti har ƙarshen kiwo.

Bututun tsaye a waje

Inda bututun ya fito waje ka sa mahaɗi mai baki uku. Baki ɗaya ya dubi sama, ka dasa masa bututu a tsaye. Tsayin wannan bututu shi ne tsayin ruwan cikin tanki: duk ruwan da ya ƙaru a ciki, kwatankwacinsa zai malalo ta bakinsa, kuma daga tsakiyar ƙasa ya taso, inda ruwa ya fi ƙazanta. Ɗaya bakin ka sa masa bawul babba, girman bututun, don fizgar datti. Kada ka sa wa na tsayen gam, ka bar shi yadda za ka iya zare shi ka sa gajere in kana son rage ruwa.

Wasu a cikin tanki suke dasa shi, a tsakiya. Yana aiki, da sharaɗin a sa biyu: na ciki mai ƙayyade tsayin ruwa, da na waje mai faɗi wanda ya fi shi tsayi, an tsattsaga gindinsa, don ruwa ya shiga ta ƙasa ya hau tsakaninsu. In guda ɗaya ne tak, ruwan sama mai tsabta zai riƙa zubarwa ya bar maka na ƙasa. Ni dai na wajen tanki na fi so, ba ya tare raga ranar tantance kifi, kuma kana ganin launin abin da ke fita da idonka.

Bututun shigar ruwa, wanda shi ke tuƙa komai

Ka samu bututun roba mai inci 1, tsayinsa ya kai zurfin ruwa, ka toshe gindinsa da murfi. Ka ja layi miƙaƙƙe daga sama zuwa ƙasa, ka huda ramuka 8 zuwa 10 a kan layin, kowane mai faɗin milimita 8, daga ɗan ƙasa da fuskar ruwa har kusa da gindi. Da injin huda za ka yi, ƙusa mai zafi tana barin baki mai kaushi da ke karkatar da ruwa. Lissafin shi ne jimillar ramukan ta yi kusan daidai da bakin bututun ko ta ɗan gaza shi, don ruwa ya fito da ƙarfi ta kowane rami, ba ta na ƙasa kaɗai ba.

Ka tsayar da shi a jikin bango daga ciki, ka ɗaure shi da ƙarfen tanki, ramukan su dubi hanyar da bango ya bi, ba tsakiya ba, ba kuma bangon kai tsaye ba. Mahaɗinsa na sama ya zama mai juyuwa, kada a manne shi, domin da shi za ka riƙa saita gudu. A gabansa ka sa bawul. Ko hagu ruwan ya bi ko dama duk ɗaya ne, a tanki mai wannan girma juyawar duniya ba ta da wani tasiri. Abin kiyayewa shi ne duk abin da ke tura ruwa a tankin ya tura shi gefe guda. Bututu biyu masu fuskantar juna kashe juyawar suke yi.

In ruwanka na rijiyar burtsatse ne, ka sani yana fitowa da ƙarancin iskar oksijin, wani kuma da ƙarfe a cikinsa, shi ne ke barin jan tabo a jikin tanki. Ka bar shi ya zubo da fantsama cikin tankin sama ya ɗan huta. Za ka iya ƙara gajeren bututu a kwance saman ruwa, mai ramuka a karkace, yana feshi ta gefen da ruwan ke juyawa. Ruwan famfo na gari kuma, in ana sa masa kulorin, sai ya kwana a buɗe kafin ya taɓa kifi.

Awo biyu da waya da bokiti

Na farko, yawan ruwan da ke shiga. Ka zare bututun shiga ka tara bokiti mai lita 20, ka duba agogon waya. In ya cika a sakan 30, lita 40 ke nan a minti, 2,400 a awa, wato tankin lita 7,000 zai ga sabon ruwa kwatankwacin cikinsa a kusan awa 3. Kada ka dogara da lambar da ke jikin kwalin famfo, ita ta lokacin da ba ya ɗaga ruwa sama ce, ba tsayi, ba kwana.

Na biyu, gudun juyawa. Ka samu ƙaramar gorar roba ka cika ta da ruwa har ta kusa nutsewa, don iska kada ta tura ta, ka sake ta kamar taƙi guda daga bango. A tankin mita 3 zagayen da za ta yi kusan mita 8 ne. Masu binciken tankunan kifi sun nuna gudun santimita 15 zuwa 30 a sakan shi ne ke share ƙasa sosai. A lissafinmu, gorar ta dawo inda ta tashi tsakanin sakan 27 da 53.

Da ruwan tankin sama kaɗai, sau da yawa ba za ka kai wannan ba, gorar za ta ɗauki minti ɗaya da rabi ko biyu. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Tarwaɗa kifin ƙasa ce, motsinta yana tayar da dattin da ya kwanta, kuma duk tashin da ya yi ruwan na matsar da shi ciki kaɗan. In kana son ƙarin gudu ba tare da ƙarin ruwa ba, ka toshe wasu ramukan ko ka yi sabon bututu mai ramukan milimita 6. In gudun ya yi yawa, ka murɗa bututun ramukan su ɗan dubi tsakiya, ko ka faɗaɗa su. Alamar ya wuce kima ita ce ka ga rami ya buɗe a tsakiyar ruwa yana zuƙar iska, kifi kuma sun watse daga wurin.

Kafin ka zuba kifi, ka yi gwaji da dusa jiƙaƙƙiya cikin tafin hannu. Ka watsa ta kusa da bango ka tsaya ka kalla. Inda ta je ta kwanta ta ƙi motsi, nan ne ruwanka ya mutu: ko lanƙwasar tamfol ce, ko ramin ƙasa na bututun ya toshe, ko wani abu da ka ajiye a ƙasan tanki yana tare hanya.

Girman kifi ke yanke hukunci

Ga inda lissafi biyu ke karo. Gudun da ke share tanki ya fi ƙarfin 'ya'yan kifi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ruwa ya yi gudun rabin tsayin kifi zuwa ninki biyu a sakan ɗaya, kuma an fi gwada ta a kan kifayen ƙasashen sanyi masu son ninƙaya. Tarwaɗa mai son kwanciya ce, don haka ka tsaya a ƙasan ma'aunin. Ɗan kifi mai santimita 5 bai kamata ya yini yana kokawa da ruwan da ya wuce santimita 5 a sakan ba. Abincin da ka saya da tsada zai ƙare a ninƙaya maimakon tsoka, masu rauni kuma ruwa zai manna su a ragar mafita.

Saboda haka a makonnin farko ka rage ruwa ya zama da ƙyar ake ganin juyawarsa, ka riƙa zuƙe datti da siririn tiyo safe da yamma. Suna girma kana ƙara gudu. Idonka zai gaya maka: kifin da ke cikin jin daɗi yana fuskantar ruwa ba tare da wahala ba, yana barin wurin in ya so, yana kwanciya a ƙasa. In ka ga ruwa na tafiya da su baya, ko duk sun cure bayan bututun shiga suna fakewa, ka rage. Lokacin ba da abinci mai yawo a sama ma ka rage bawul, in ba haka ba ƙwayoyin za su taru a tsakiya manya su mamaye su, ƙanana su kwana da yunwa, bambancin girma ya ƙaru, daga nan sai cin juna.

Inda za a sa dutsen iska

Dutsen nan da ake haɗawa da injin iska yana sakin kumfa cikin ruwa, kada ka sa shi a tsakiya. Kumfar da ke tashi daga nan tana ɗaga dattin da ruwa ya sha wahalar tarawa, ta mayar da shi cikin tanki a farfashe. Ka rataye duwatsun kusa da bango, su ɗan ɗaga daga ƙasa kamar taƙi guda.

Masu tarwaɗa kan ce ba ta buƙatar iska tunda tana hawowa ta shaƙa. Gaskiya ne tana da gaɓar shaƙar iska bayan ta ruwa, shi ya sa take jure abin da zai kashe karfasa a dare ɗaya. Amma juriyar nan ita ke ɓoye maka matsala. Ba ta mutu ba, sai dai ta rage ci, gashin bakinta ya gutsuttsure, gyambo ya fito a jiki, ka same ta a tsaye a saman ruwa kai sama. Ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a lita, a digiri 30 kuwa 7.5 ne kawai, ga shi a zafi kifi ya fi ci ya fi kashi, amoniya kuma, gubar da kifi ke fitarwa cikin ruwa, ta fi dafi. Don haka a bazara, daga Maris zuwa Mayu, ka yi wa tanki rumfa, ka ƙara ruwan shiga, ka fi sa ido da asuba. A hunturu ci yana raguwa, sai ka rage abinci, ka guji sauya ruwa mai yawa lokaci guda.

In babu ruwa mai gudu dare da rana

Wannan shi ne halin yawancinmu: wuta na zuwa tana tafiya, man janareto da tsada, tankin sama ba ya wuce 'yan awoyi. Tsarin bai rushe ba. Ka saki ruwa da ƙarfi na minti 20 zuwa 30 bayan kifi sun gama cin abinci da kamar awa ɗaya ko biyu, ka kashe, ka jira juyawar ta lafa, domin a lokacin lafawar ne datti ke taruwa sosai a tsakiya. Sai ka buɗe babban bawul na waje gaba ɗaya, a fizge. Ruwa zai fito baƙi mai wari, cikin sakan kaɗan ya washe, ka rufe. Bokiti kaɗan ka zubar, amma ka fitar da mafi yawan ƙazantar ranar kafin ta narke. Ka yi haka safe da yamma. Ruwan nan kuma taki ne, ka kai shi gindin zogale ko alayyafo, kada ka sake shi a kwatar unguwa ya haɗa ka da maƙwabta.

Mai sola zai iya sa ƙaramin famfo mai nutsewa ya riƙa juya ruwan cikin tanki ta bututun nan mai ramuka. Ka rataye shi kusa da bango a tsakiyar zurfi, da raga a bakinsa, ba a tsakiyar ƙasa ba inda zai niƙe kashi ya dama shi. Ka tuna juyawa kawai yake yi, ba ya cire amoniya, sauya wani kaso na ruwa yana nan daram. Kuma kafin hannunka ya shiga ruwa, ka zare wayarsa daga soket, kowane lokaci.

Wanda ke da matatar ruwa a ƙasa da tanki yana mayar da ruwan, ya huda ƙaramin rami a bututun shiga daidai fuskar ruwa. In wuta ta ɗauke, ramin zai sha iska ya hana bututun zuƙe tankin baya. Akwai kuma tsarin mafita biyu da ake kira da sunan Jami'ar Cornell ta Amurka: kashi 5 zuwa 20 cikin 100 na ruwa ya fita ta tsakiyar ƙasa ɗauke da datti, sauran ya fita ta jikin bango daga sama zuwa matata. Ribarsa ita ce dattin ya taru a ruwa kaɗan mai sauƙin zubarwa.

Dogon tankin gilashi na kifin ado

Shi wannan da ake ajiyewa a falo ko ofis matsalarsa daban ce, tsayi ne ya fi faɗi. Kewayayye mai faɗin santimita 40 da tsayin mita 1 yana ɗaukar lita 126, amma fuskar ruwansa, inda iska ke shiga, ba ta wuce murabba'in santimita 1,260 ba. Akwatin gilashi mai 90 da 40 da 35 lita 126 ɗin ne shi ma, fuskarsa kuwa 3,600, kusan ninki uku. Don haka dogon tanki ba ya ɗaukar kifi kamar yadda litarsa ta nuna, kuma abin da ya fi buƙata shi ne ruwan ƙasa ya hau sama.

Ka sa bakin da matata ke zuƙa can ƙasa, kusa da tsakuwa, bakin da take mayarwa kuma daf da fuskar ruwa, a karkace yana bin gilashi, yadda saman zai riƙa ɗan rawa. A nan dutsen iska a gindi yana da amfani ƙwarai, kumfarsa ke ɗago ruwan ƙasa, sai dai injin iskar ya zama mai ƙarfin tura mita guda, kuma a ajiye shi sama da ruwa ko a sa wa tiyonsa bawul mai hana komowa. Matata mai juya ruwan tanki sau 4 zuwa 6 a awa ta isa, wato lita 500 zuwa 750 ga wannan misali. Kifi masu dogon bindi da faffaɗan fiffike ba sa son ruwa mai ƙarfi, ka karkatar da bakin zuwa gilashi ya karye ƙarfinsa. Kayan ado ka tara su a tsakiya su tashi sama, ka bar zagayen gefe a buɗe. Sau ɗaya a mako ka zura dogon tiyo har cikin tsakuwa ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ka mayar da wanda ya kwana, mai ɗumi daidai da na ciki.